Littafin aikin saiwar waken suya a wata gona kusa da Kumo

14 ga Yuni, 2025

Ruwa ya sauka sosai a makon nan, ƙasa ta sha, don haka aiki ya tashi. Baffa ya yanko mini gefen gonarsa na arewa, inda aka yi masara bara, ya ce in yi duk abin da na ga dama muddin ban taɓa masa gyaɗarsa ba.

Tambayar da nake bi guda ɗaya ce. Idan manomi ya shafa wa irin waken suya garin bakteriya kafin ya shuka, wadda ya sayo ɗin ce take shiga saiwa, ko kuwa 'yan asalin ƙasar gonar ne suke riga ta? Kowa a fanninmu ya san amfanin abin. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da muke zuba kuɗi muna saye a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska da kanta. Bakteriyar da ake kira raizobiya ita ke iyawa. Takan shiga saiwar wake, gyaɗa da waken suya, shukar ta gina mata ƙullutu, ta zauna ciki tana juya naitirojin na iska zuwa abin da shuka za ta ci, ita kuma shukar tana biyan ta da sukari. An tabbatar da wannan a Jamus tun 1886, kuma a 1888 wani masani ɗan Holan mai suna Beijerinck ya fitar da bakteriyar daga ƙullutu ya raine ta ita kaɗai.

Abin da ba a cika faɗa wa manomi ba shi ne, kafin ta yi wannan aikin sai ta isa saiwar tukuna, ta manne, a buɗe mata. Kowane mataki a cikin waɗannan akwai ƙwayoyin gadon da ke riƙe da shi, kuma bakteriyar da ta fi kowa iya haɗa naitirojin ba lallai ne ta fi kowa iya isa ba.

20 ga Yuni

Na samu iri, TGx 1835-10E, cikin waɗanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar. Dangin TGx an ƙirƙire su ne da gangan don su karɓi raizobiyar ƙasar Afirka, ba sai an kawo musu ta waje ba. Wannan ne ma ya sa tambayata ta yi armashi: irin ba ya da zaɓe, ƙofarsa a buɗe take ga kowa.

Garin bakteriyar kuwa sai da na sha yawo. A wani shago a cikin Gombe na tarar da fakitocinsa a kan kanta ta sama, dab da kwano, rana ta take. Na taɓa ɗaya, zafi rau. Mai shagon ya ce ai magani ba ya lalacewa sai kwanan watansa ya wuce. Abu mai rai ne a ciki, zafin kwano kuma kashe shi yake yi, sai na yi masa godiya na wuce. A ƙarshe malamina ne ya haɗa ni da wanda ke ajiye nasa a firji. A gida babu tabbacin wuta, don haka na ƙulle fakitin a leda biyu na sa shi a gindin randar Goggo, inda ƙasa ke da danshi kullum.

Nau'in da ke ciki USDA 110 ne, na jinsin raizobiyar da ake kira Bradyrhizobium. Masana a Japan sun karance kundin gadonsa, wato rubutun halittarsa, kaf a 2002: haruffa kusan miliyan 9.1, ƙwayoyin gado sama da 8,000.

28 ga Yuni

Mun shuka da sassafe. Kashi huɗu na yi, kowanne na maimaita shi daga saman gonar mai rairayi zuwa ƙasanta mai ɗan laka: wanda ba a sa wa komai ba, mai takin sufa kaɗai, mai sufa da garin bakteriya, sai mai sufa da yuriya. Tsakanin kowane fili da na kusa da shi mun ja rami, don kada ruwan sama ya kwashi bakteriya daga nan ya kai can.

Garin baƙi ne wuluk. Na jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya narke, na bari ya huce, na yayyafa wa irin, sannan na barbaɗa garin na juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi, na shanya a inuwar dalbejiya ya ɗan sha iska. Filayen da ba su da gari su muka fara shukawa, hannu da ƙwarya duk a wanke, mai garin ya zo ƙarshe. Yaran da suka taya ni sun ga wannan tsari kamar tsirfa ce. Baffa ya tsaya ya kalli irin ya ce, "Ɗana, wannan gawayin ne zai maye mini buhun taki?" Na ce, "Baffa, sai dai mu gani." Ya ce to, gani ya kori ji.

10 ga Yuli

Tsiro ya yi kyau, sai 'yan gurabe da kurciya ta tone. Babu abin gani a sama tukuna, duk filayen kamarsu ɗaya. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa yake, shi ya sa na koma karatu.

Akwai wani bincike na 2017 daga Amurka da dabararsa ta burge ni. Sun ɗauki bakteriya mai amfani, Pseudomonas simiae, suka yi dubban kwafinta, kowane kwafi an lalata masa ƙwayar gado ɗaya an kuma sa masa lamba. Sai suka zuba su gaba ɗaya a kan saiwar wata 'yar ciyawa da ake gwaji da ita, Arabidopsis, suka jira. Daga baya suka ƙirga lambobin. Duk lambar da ta yi ƙaranci a saiwa, ke nan ƙwayar gadon da aka lalata mata tana da hannu a kama saiwa. Sun samu 115. Da yawansu na motsi ne: bakteriyar tana da siririyar wutsiya da take juyawa ta yi iyo a cikin danshin ƙasa, wadda aka kashe wa wutsiya kuwa sai dai ta zauna inda aka ajiye ta. Wasu na cin abincin da saiwa ke tsiyayarwa ne, wasu na ginin fatar jikinta.

Saiwa ba ta zama a bushe. Kullum tana fitar da sukari da wasu sinadarai zuwa ƙasar da ke kewaye da ita, bakteriya kuma tana da na'urorin sansano su a jikinta, ta bi inda ƙamshin ya fi ƙarfi. Wani binciken na 2018 ya kwatanta kundin gadon bakteriya 3,837, ya ga masu zama da shuka sun fi 'yan uwansu na wasu wurare yawan ƙwayoyin gadon sarrafa nau'o'in sukari.

Ina karantawa ina tuna cewa na farkon a ɗakin gwaji aka yi shi, cikin faranti, babu rana babu fari. Rairayin Kumo da azahar ko takalmi ka sa sai ka ji shi. Jerin ƙwayoyin gadon da za a samu a nan zai bambanta, kuma ina kyautata zaton na jure zafi da bushewa za su hau sama.

25 ga Yuli

Tono na farko. Ba a tuge shukar, ƙullutun zai tsinke ya zauna a ƙasa. Da fartanya ake kewaye ta a ɗago da dunƙulen ƙasar, a tsoma a bokiti, a bar ruwa ya yi aikinsa.

A filin mai gari, ƙullutai sun yi cincirindo a wuyan babbar saiwa, ɗan yatsa ɗaya ƙasa da inda irin ya kwanta, kamar girman ƙwayar dawa. A filin sufa kaɗai ma akwai su, amma ƙanana ne, a warwatse can a ƙananan saiwoyi. Wurin zaman yana da magana. Na wuyan saiwa alama ce ta shiga da wuri, daga bakteriyar da take manne da irin tun ranar shuka. Na gefe kuwa sai da saiwa ta miƙa ta tarar da masu zaman ƙasa. Alama ce kawai, ba hujja ba.

Yadda ake shigar shi ne ya fi ɗaukar hankalina a duk wannan fanni. Abin kamar sallama ne a ƙofar zaure. Saiwa takan saki wani sinadari, filabonoyid. A jikin raizobiya akwai ƙwayar gado mai suna nodD, furotin ɗin da take ginawa shi ke gane wannan sinadari. Da ya gane sai ya kunna wasu guda uku, nodA, nodB da nodC, su haɗa wani ɗan sinadari na amsawa a aika wa saiwa. Idan amsar ta yi daidai da wadda shukar ke jira, gashin saiwa sai ya lanƙwashe ya rungume bakteriyar, wani siririn bututu ya buɗe ta cikinsa, ta bi tana hayayyafa har cikin naman saiwa, inda tuni ƙwayoyin shukar sun fara rabuwa don gina ƙullutu. Idan amsar ba ta dace ba, ba a buɗewa. A birnin Tulus na Faransa aka fara gano siffar wannan sinadarin amsawa a 1990. Ƙananan ƙari da ake liƙa masa a gefe su ke bambanta wanda wake zai amsa wa da wanda ba zai kula ba, kuma kowane ƙari akwai ƙwayar gadon da ke liƙa shi.

Bayan an amsa ma da sauran aiki. Shuka tana da tsaron jikinta, duk baƙon abu cuta take ɗaukarsa. Yauƙin da raizobiya ke lulluɓe kanta da shi yana cikin abin da ke sa tsaron ya lafa. A wasu nau'o'in, idan aka lalata ƙwayoyin gadon yauƙin, bututun kan tsaya a rabin hanya.

13 ga Agusta

Waken ya yi fure, lokacin babban tono ke nan. Na zo da reza sabuwa da farin faranti.

Baffa ya ga saiwa cike da ƙullutai sai ya ɓata rai, ya ce wannan ai ciwon da ke kashe masa tumatir ne a lambu. Da gaskiyarsa ta wani gefen, tsutsar saiwa ma kumburi take kawowa. Na nuna masa bambancin da babban yatsa. Ƙullutun raizobiya a gefen saiwa yake maƙale, kana turawa zai ɓalle ya bar saiwar lafiya. Kumburin tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa sai ka karya ta. Sai na tsaga ɗaya na miƙa masa. Cikinsa ja ne, jan nama. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ikon Allah, har da jini?"

Bai yi nisa da gaskiya ba. Jan launin na wani furotin ne ɗan uwan wanda ke cikin jininmu, kuma shukar ce ke yin sa. Dalili kuwa, sinadarin da raizobiya ke fasa naitirojin da shi, naitirojines, iskar oksijin lalata shi take yi, alhali bakteriyar tana buƙatar oksijin ɗin don ta samu ƙarfin aiki. Jan furotin ɗin shi ke kama oksijin yana miƙa mata kaɗan-kaɗan. Don haka ja yana nufin ana aiki. Fari a ciki, ko bai fara ba ko ba zai yi ba. Kore ya tsufa ya ajiye aiki.

A filin mai gari yawancinsu ja ne. A filin sufa kaɗai an gauraya, kuma fararen sun fi yawa a saman gona. Filin yuriya ganyensa ya fi na kowa duhu, amma saiwarsa kusan sumul. Shukar da ta samu naitirojin a banza ba ta ɓata sukarinta wajen ciyar da bakteriya. Duk wanda ya haɗa garin nan da yuriya mai yawa ya yi asarar kuɗin garin.

Wani aiki da aka yi a Jami'ar Okusfod a 2020 ya ba ni lissafin da nake nema. A wata raizobiyar da ke shiga saiwar wani ɗan uwan wake na ƙasashen sanyi, ƙwayoyin gadon da aka san su da haɗa naitirojin 27 ne kacal. Amma da aka bi ta tun daga ƙasa har cikin ƙullutu tana gasa da 'yan uwanta, wurare 603 na kundin gadonta aka ga ana buƙata. Mu kuwa idan za mu yabi nau'i, waɗancan 27 ɗin muke kallo.

22 ga Agusta

Na kai ƙullutai ɗakin gwaji, kowane fili da kwalbarsa. A tsoma a barasar gwaji, a tsoma a ruwan bilic, a ɗauraye sau da yawa da ruwan da aka dafa, a murƙushe, a shafa a faranti mai abincin rainon bakteriya. Wuta ta ɗauke kwana biyu a jere, sa'ar da aka yi zafin ɗaki a wannan watan bai yi nisa da digiri 28 da ake so ba.

4 ga Satumba

Farantan da suka cika cikin kwana biyu na ware su gefe. Bradyrhizobium ba ta sauri, sai ta kwana biyar zuwa bakwai kafin a ga 'yan ɗigo farare, kuma takan juya launin abincin gwajin zuwa shuɗi. Irin waɗannan na samu daga kowane fili.

Matsalar ita ce ido ba ya raba USDA 110 da 'yar Kumo. Sai an fitar da sinadarin gadonsu an kwatanta zanensa, mu kuma ba mu da na'urar a nan. Malamina ya yi magana da wani abokin aikinsa, za a aika.

Ko sakamakon ya zo, akwai wani ruɗani da ke jira. A jinsin nan ƙwayoyin gadon nod da na haɗa naitirojin a tattare suke wuri guda a kundin, wani yanki da ake kira tsibiri. A wata 'yar uwarta, Mesorhizobium, an kama irin wannan tsibiri yana ƙaura. A Niyuzilan aka shuka wata ciyawar dabbobi da garin bakteriya a ƙasar da babu raizobiyar da ke shigarta. Bayan shekara 7 aka tono ƙullutai, sai aka tarar da nau'o'i daban-daban na 'yan ƙasar a ciki, kowanne ɗauke da tsibirin baƙuwar, mai haruffa kusan 500,000. A Ostareliya ma an ga haka, kuma wasu daga cikin waɗanda suka karɓi tsibirin sun iya shiga saiwa amma ba su iya haɗa naitirojin sosai ba. Ke nan fararen ƙullutan saman gonar Baffa na iya zama na masu ƙwarewa a shiga, marasa amfani a ciki. Waken ma ba ya ƙyale su. Wani gwaji na 2003 ya nuna waken suya kan rage wa ƙullutun da ba ya aiki oksijin, bakteriyar cikinsa ta kasa yaɗuwa kamar sauran. Sai dai kafin a hukunta shi ya riga ya tare wuri.

20 ga Satumba

Baffa da kansa ya tuge gyaɗa ɗaya ya kawo mini, wai in duba masa nata. Ƙullutanta ƙanana ne, kuma duk a hammatar ƙananan saiwoyi suke, inda suka ɓullo daga uwar. Gyaɗa ba ta bin hanyar gashin saiwa. Ta 'yar tsagar da ƙaramar saiwa ke bari idan ta fito bakteriya ke kutsawa. A 2007 ma an gano wasu nau'o'in Bradyrhizobium da ba su da nodA, nodB da nodC sam, amma suna gina ƙullutu a wata ciyawar fadama. Ƙullutan gyaɗar Baffa duk ja ne, ba a taɓa sa mata gari ba. Ya tafi yana murmushi.

Goggo ta riga ta yi wa masu awara na unguwa alkawarin waken. Na roƙe ta a bari in auna tukuna.

14 ga Oktoba

Mun girbe da safe tun raɓa ba ta bushe ba, don kwanson ya fara fashewa da rana. Kowane fili an buge shi a kan tamfol daban, layukan gefe na cire su daga awo.

Wanda ba a sa wa komai ba shi ne na baya, ko'ina. Sufa kaɗai ta ɗaga shi sosai, wanda bai ba ni mamaki ba, sufa takin fosfaras ce, aikin ƙullutu kuma yana cin fosfaras da yawa. Tsakanin sufa kaɗai da sufa mai gari ne labarin ya rabu biyu. A saman gona mai rairayi, inda Baffa ya ce an daɗe rabon da a sa wake ko gyaɗa, mai gari ya yi gaba a fili. A ƙasan gona, maƙwabtan gyaɗa, da ƙyar za ka ce ga wanda ya fi. Fahimtata ita ce a can 'yan ƙasa suna da yawa kuma suna aiki, baƙuwar ko ba ta samu wuri ba ko ba a buƙace ta ba. Gona ɗaya ce, damina ɗaya, ba zan tsaya gaban manoma da wannan ba tukuna.

Bana ne aka ba Mariangela Hungria ta Burazil babbar kyautar abinci ta duniya saboda irin wannan aiki, kuma ƙasarta tana noma waken suya mai ɗimbin yawa kusan ba tare da takin naitirojin ba. Abin da na ɗauka daga tarihinsu shi ne sun yi shekaru suna tace nau'o'in da suka dace da ƙasarsu. Shirin N2Africa, na taimaka wa ƙananan manoman Afirka su amfana da raizobiya, ya yi aiki a arewacin Najeriya a kan wannan har zuwa 2019, amma tace 'yan ƙasarmu gona-gona aiki ne da ke nan a gabanmu.

3 ga Nuwamba

Samfuran sun tafi, ana jiran sakamako. Kafin nan na ware nau'o'in da suka fito daga jajayen ƙullutan filin da ba a sa wa gari ba, su nake so in gwada da rani. Zan shafa kowanne a iri, in bar shi ya bushe a zafin digiri 40, in ƙirga waɗanda suka rayu, USDA 110 na gefe don kwatanci. An san Bradyrhizobium takan tara wani sukari mai suna tirehalos idan ta ji bushewa, kuma otsA na cikin ƙwayoyin gadon da ke haɗa shi. Idan wata 'yar Kumo ta fi jurewa, nan zan fara dubawa.

Sai gwajin tukwane, inda zan zuba nau'i biyu daidai wa daida a kan iri ɗaya in ga wadda za ta fi cika ƙullutai. An kawo rairayi daga Dadin Kowa, za a wanke a dafa shi a tukunyar matsi a makon nan. Tukwanen a bayan ɗakin gwaji za su zauna, kuma sai an kewaye su da waya kafin in shuka, awakin ma'aikata suna kwana a wurin.